Gadona yana ma'ajiyar 'yan sanda

Ran da aka yi sadakar bakwai ta Baba, bayan an watse an naɗe tabarmi, Inna ta aiko a kira ni. Na same ta a ƙuryar ɗaki cikin takaba, carbi a hannu. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kai wannan, ka duba ƙarƙashin gadon mahaifinku. Abin nan ba na son ya ci gaba da kwana a gidan nan ba mai shi."

Na san abin da take nufi. Na durƙusa na jawo shi, naɗe cikin wani tsohon bargo, an ɗaure da tsumma a wuri uku. Ina warwarewa ƙamshin man keken ɗinki ya buge ni, nan take idona ya ciko. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba yakan zauna a zaure ya shafe ta da wannan man. Bindiga ce mai baki biyu ƙirar Ingila, ya saye ta a 1976 lokacin yana malamin daji. Da ita muka ci zabin daji da fakara muna yara, da ita yake korar birai daga gonar gyaɗa. Kusa da ita akwai wani gwangwanin biskit da ya yi tsatsa, a ciki lasin ne da rasit-rasit na sabuntawa, shekara bi shekara, an ɗaure su da roba. Baba mutum ne mai tsoron hukuma kamar yadda mutanen zamaninsu suke. Ko a 2018, da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin a tattara haramtattun makamai daga hannun jama'a, shi da ƙafarsa ya kwashi takardunsa ya kai aka duba, alhali ba wanda ya aiko masa.

Ni dai a zatona bindiga gado ce kamar keke ko rediyo, a ajiye ta sai ranar rabo. Sai a kwana na tara na kira wani abokina lauya, wanda muka yi sakandare tare, ina tambayarsa yadda ake fitar da kuɗin mamaci daga banki. Cikin hira na ambaci bindigar. Ya yi shiru har na zaci layin ne ya yanke.

"Yau kwana nawa da rasuwar?"

Na ce tara.

"To, saura maka biyar."

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Dokar da ke kula da mallakar bindiga a Najeriya ta 1959 ce, ta girmi 'yancin kai da shekara guda, kuma har yau da ita ake aiki. Lasi na mutum ne, ba na bindiga ba. Ran da mai shi ya rasu, lasin ya bi shi. Abin da doka ta yi wa magada rangwame shi ne kwana 14 daga ranar rasuwa. Bayan nan duk wanda aka samu da ita, mai riƙe da makami ne ba bisa ƙa'ida ba, ko da kuwa ɗan mamacin ne, ko da bindigar ba ta motsa daga ƙarƙashin gado ba. Ya ƙara da cewa akwai wata dokar ta 1984, ta zamanin soja, mai magana kan fashi da makami, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar naira 20,000 ko duka biyun ga wanda aka kama da bindiga ba izini, kuma ɗan sanda mai gabatar da ƙara yana iya zaɓar ya gurfanar da kai a ƙarƙashinta.

Kwana 14! Wanda ya rubuta wannan doka bai san gidan Bahaushe ba. A kwana 14 'yan gaisuwa ba su gama zuwa ba, matan mamaci ko kashi ɗaya cikin takwas na takabarsu ba su ci ba, kuma wanda ya ɗaga maganar kayan mamaci kafin arba'in sai a ce dama jira yake a mutu.

Dokar ta kasa bindigogi gida uku, in ji shi. Akwai na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu irin su fistol da libarba, waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa, wato dai talaka ya cire rai. Akwai na farauta irin ta Baba, waɗanda lasinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai bindigar toka da danginta, waɗanda ake ɗurawa ta baki, su kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Ya ce ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Na lissafa na ga babu ko ɗaya da ya shafe ni. Malamin makaranta ne ni, shekarata 41, ko gilashi ba na sawa. Na ce ashe abin mai sauƙi ne: in kai ta, in nemi lasi da sunana, in karɓo abata.

Da daddare na tara 'yan'uwa a zaure na faɗa musu. Baffa, ƙanin Baba, shi ya fara magana, kuma bai yi ta da sanyi ba.

"Ɗana, ka san wace shekara muke ciki kuwa?"

A watan Agustan 2022 muke. Wata biyu kafin nan, a watan Yuni, gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta fito fili ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu daga ɓarayin daji, har ta ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 na jihar. Shekara guda kafin nan Aminu Bello Masari na Katsina ya faɗi makamancin haka. Baffa ya ji duk wannan a rediyo, kuma ƙauyen da ke da nisan tafiyar minti ashirin daga namu an shiga an kore musu shanu a daminar.

"Gwamnoni da bakinsu suna cewa a nemi bindiga. Kai Allah ya ba ka a gida, za ka ɗauka ka kai musu? In sun zo da dare, rasit za ka nuna musu?"

Na ce, "Baffa, ai gwamnan na gama magana kwamishinan 'yan sandansa ya fito ya ce ba za su ba da lasin ba. Babban Hafsan Tsaro, Janar Lucky Irabor, shi ma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. In aka kama ni, gwamna ba zai zo beli na ba."

Ka ji wauta irin tawa. Da bakina na faɗi cewa 'yan sanda sun ce ba sa ba da lasi, amma ban tsaya na tambayi kaina ba ko ni wane ne da za a ba ni. Na ɗauka waccan magana ta masu neman sabuwar bindiga ce, ni kuwa tawa tsohuwa ce mai tarihi a littafinsu tun 1976.

Baffa ya karkaɗe rigarsa ya tashi. Abin da ya ce a bakin ƙofa shi ne, "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Shawara ɗaya da lauyan ya ba ni, wadda nake ba duk wanda ya samu kansa a irin wannan hali: kada ka kuskura ka saɓi bindiga ka nufi caji ofis da ita. Tsakanin gidanku da can akwai shinge, kuma ɗan sandan da ke shingen bai san niyyarka ba. Ka fara zuwa hannu rabbana, da takarda. Haka na yi. A kwana na sha ɗaya na rubuta wasiƙa zuwa ga difi'o, na haɗa da kwafin lasin da takardar shaidar rasuwa daga asibiti. Kurtun da ke kanta ya karanta, ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce in jira. Difi'on ya karɓe ni da mutunci, ya yi mini ta'aziyya, ya ce gobe zai haɗa ni da ɗan sanda mu je mu ɗauko.

Washegari na shiga unguwarmu a bayan babur ɗin kofur, muka fito da dogon abu a cikin bargo. Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa an kama malam da bindiga. Wata gwaggona har kuka ta zo tana yi.

A ofis aka kai ni wajen sajan mai kula da ma'ajiyar makamai, wani dattijo mai furfura a gefen kunne. Ya shimfiɗa bargon a kan tebur, ya ɓalle katakon da ke ƙarƙashin baki, ya karya ta, ya raba ta gida uku cikin ƙiftawar ido. Ya ɗaga bakin ya leƙa ta wajen taga.

"Mai wannan ya san darajarta," in ji shi. "Allah ya jiƙansa."

Ya ƙirga harsasai, guda 11, jajaye, takardar jikin wasu har ta fara kumbura don tsufa. Sannan ya goge wurin lambar da babban yatsa, yana karantawa kofur yana dubawa a lasin. A lamba ta huɗu suka tsaya. A jikin ƙarfe 3 ce. A lasin 8 ce.

Ɗakin ya yi tsit. Sajan ya sake karantawa, ya sake. Fuskar da ta yi mini addu'a yanzu-yanzu ta canza. Ya ce, "Malam, wannan ba ita ce bindigar da ke cikin takarda ba."

Aka ce in ba da wayata, in zagayo bayan kanta in zauna. Duk wanda ya taɓa shiga caji ofis ya san bambancin gaban kanta da bayanta. Na zauna a benci tsakanin wani yaro da aka kama da akuya da wani da ya fasa wa maƙwabcinsa kai. Ina jin wani kurtu yana ce wa abokinsa wataƙila ta gaskiyar na ɓoye na kawo wata. Ni da na kawo kaina da ƙafata! Maganar Baffa ta yi ta yawo a kaina. Awa uku na yi a wurin, har na yi azahar da la'asar a haɗe da butar 'yan sanda.

Gwangwanin biskit ne ya cece ni. Na roƙi sajan ya bari a kira ƙanena ya kawo shi. Da ya iso, muka zazzage rasit ɗin a tebur muka bi su ɗaya bayan ɗaya, daga na ƙarshe muna komawa baya. Takwas, takwas, takwas, har muka shiga shekarun 1990. Can sai ga wani da aka rubuta da alƙalamin tawada, 3 ɗinsa a fili kamar rana, haka duk na gabansa har zuwa na farko. Wani akawu ne wata shekara ya rufe bakin ukun, waɗanda suka biyo bayansa suka yi ta kwafa, shekara kusan talatin ba wanda ya ɗaga bindigar ya duba. Sajan ya yi dariya ya ce, "Ka ga aikinmu ko?" Ya miƙo mini wayata. Ba wanda ya ce in yi haƙuri, ni ma ban nema ba. Aka rubuta mini rasit, rabin takarda mai hatimi: bindiga ɗaya mai baki biyu, harsashi 11, an karɓa don ajiya. Ranar ce kwana na sha biyu.

Daga nan na shiga haɗa takardun neman lasi. Abin da aka ce in kawo: wasiƙar nema, hotuna 'yan ƙanana, takardar likita kan lafiyar ido da ta ƙwaƙwalwa, takardar rantsuwa daga kotu, shaidar shekaru, wasiƙar hakimi cewa ni mutumin kirki ne, da yardar sauran magada a rubuce. Wannan ta ƙarshen ta fi ba ni wuya, don sai da na bi ƙannena mata gidajen aurensu suna dangwala yatsa. Likitan ya tambaye ni ko ina jin muryoyi da dare, na ce sai dai ta Baffa. Wata guda na yi ina wannan zirga-zirga, aka ɗauki zanen yatsuna, aka buɗe mini fayil aka tura hedikwatar jiha.

Sau huɗu na je hedikwata, kowace tafiya kuɗin mota da yinin aiki guda. Zuwan farko mai ofishin ya fita. Na biyu fayil bai iso ba. Na uku ya iso amma ba a gan shi ba. A na huɗu ne wani jami'i mai anini biyu a kafaɗa ya tausaya mini, ya ce in zauna, ya jawo fayil ɗin daga ƙasan wani tsibi.

"Malam, takardunka sun cika, babu abin da ya rage. Amma gaskiya zan faɗa maka don kada ka ƙarar da albashinka a mota. An dakatar da ba da lasi. Daga sama ne. Ko kwamishina ba shi da ikon sa hannu a wannan."

Na ce, "Yallaɓai, ai ba sabuwa ba ce. Ta mahaifina ce, shekara 46 tana littafinku."

"Bindigar ce tsohuwa. Kai sabo ne."

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da ke cikina. Na ce waɗanda ke daji da AK-47 wa ya nemi takardar likitansu? Ni da na bi doka an karɓe tawa, wanda ya yi shiru tasa tana ƙarƙashin gadonsa. Na zaci zai kore ni. Sai ya ture fayil ɗin gefe ya ce shi ma yana da abin faɗa. Ya ce ya yi aiki a ƙauyukan da ake kai hari, kuma gidan da aka san akwai bindiga shi ɓarayi ke fara yi wa ƙawanya, don bindigar suke so kafin shanu. Ya ce mai baki biyu harbi biyu ce ka tsaya ɗuri, wanda ke gabanka kuwa gidan harsashinsa na cin 30. Ya ce da dare, in suka je ɗauki, duk wanda ya fito da ƙarfe a hannu kamarsu ɗaya, lasi ba ya haske a duhu. Kuma ya ga rigimar iyakar gona da a da sanda ce ke raba ta, yanzu sai an ɗauki gawa.

Ban yarda da shi duka ba, har yau. Maganarsa za ta zauna daidai a ƙasar da in ka kira ɗauki ake zuwa kafin gari ya waye. Amma na fita daga ofishin na san ba mugunta ce ta sa ya hana ni ba, hannunsa ne a ɗaure kamar nawa.

A ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a waje, wani mutum cikin kaftani mai tsabta ya tare ni. Ya san abin da ya kawo ni tun ban buɗe baki ba. Ya ce akwai hanya: a yi mini lasi a mayar da kwanan watansa baya, zuwa shekarun da ba a dakatar ba, har ma in ina so a haɗa mini da fam-akshin, irin wadda ake zuge hannunta ta ɗura wani harsashin da kanta. Kuɗin da ya faɗa ya kai albashina na wata huɗu. Ba zan yi ƙarya ba, na karɓi lambarsa, ta kwana uku a wayata. Abin da ya sa na goge ta ba tsoron Allah kaɗai ba ne. Na tuna bencin nan na bayan kanta. In kuskuren lamba ɗaya a takardar gaskiya ya zaunar da ni awa uku, ta jabu shekara nawa za ta zaunar da ni?

Na ci gaba da sa rai cewa in gwamnati ta canza za a buɗe. Gwamnati ta canza, aka naɗa Kayode Egbetokun Sufeto Janar, a watan Agustan 2023 ya sanar da cewa an dakatar da ba da lasin ƙananan makamai saboda yawansu a hannun jama'a. Jihohi kuwa suka bi ta wata hanyar: Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Katsina a Oktoban 2023, Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024. Wato in kana son riƙe bindiga ka kare garinku, sai ka sa kaki. Malamin makaranta mai aji uku a rana ba ya cikin lissafin.

Baffa ya yi fiye da shekara biyu ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Shi dai ya je wurin maƙeri, kamar yadda rabin magidantan yankinmu suka yi, kuma ban tambaye shi ko ya nemi izinin kwamishina ba. Abin da ya sassauto da shi wani mummunan labari ne. A watan Maris na 2025 aka tare wasu mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Sallah. An ga bindigogin toka a motarsu, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16. Ran da muka ji, Baffa ya zo zaure ya zauna ya daɗe bai ce komai ba. Da zai tafi ya ce, "Ƙarfen nan, riƙe shi bala'i, rashinsa bala'i." Tun daga ranar ya koma amsa gaisuwata da baki.

Rabon gado kuwa an yi shi tun bayan fitar Inna daga takaba. Malamin da ya raba ya ce bindiga dukiya ce, dole a yi mata kuɗi. Aka yi mata, kuma tun da ni na nemi lasinta, aka sa ta a kasona aka rage mini daga gona. Ƙannena suka tashi da kadada da tumaki, ni na tashi da rabin takarda mai hatimi. Tana cikin gwangwanin biskit, a saman rasit ɗin Baba, na ɗaure su da roba ɗaya.

Duk bayan wata uku ko huɗu nakan leƙa ofishin. An yi wa dattijon sajan canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi yaro ne, da farko ya ɗauka taɓaɓɓe ne ni. Yanzu ya saba. Yakan fito da ita ya ɗora a tebur, ya tsaya a kaina, in ciro kwalbar man keken ɗinki da tsumma daga aljihu. Zuwan da na yi na baya-bayan nan na ga tsatsa ta fara ci a gefen kunamar hagu, ɗigo kamar ƙwayar gero. Na goge iya gogewa, ba ta fita duka ba.

Da na dawo gida na shiga gaida Inna. Ta ce daga ina, na faɗa mata.

"Ka shafa mata man?"

Na ce na shafa. Ban gaya mata zancen tsatsar ba.